Ban Goge Layina Ba

Tun ina ƙarama ake ce mini mai kafiya, kuma ban taɓa musa wa kowa ba. Amma ranar da na tsaya wa malamin lissafinmu a wata sakandare a Gomari, wallahi ba taurin kai ba ne kawai.

Aikin gida ya ba mu: ga layi mai gangaren biyu, mu nemo wanda zai gitta shi daidai kamar kusurwar ƙofa, ya ratsa layin tsaye a kan uku. Shi da kansa ya koya mana cewa kifa lambar ake yi a sauya mata alama. Na kifa biyu ta koma rabi, na sa mata alamar ragi, har na zana a takarda. Sai ga jan biro ya soke amsata. Littafin amsoshin da yake dubawa rabi kawai ya buga, masu bugawa sun cinye alamar.

Ya ce kowa ya kwafi gyara. Duk aji suka duƙa, har masu amsa irin tawa. Ni na rufe birona. Na ce layinsa hawa yake yi tare da na farko, ina kusurwar ƙofar a nan? Ya ce ko in goge in kwafa, ko in bar ajinsa, ga jarrabawar fita ta matso. Tsoro ya kama ni, amma haushi ya fi shi.

Washegari aka kira babana daga shagon waldarsa a Wulari. Bai yi boko ba. Ya cire hula, ya dinga ba da haƙuri, yana cewa yarinya ce, a yafe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya nemi ganin zanena da na malam, ya dube su. Malam ya haƙura, ya ce in dawo, in kawo gyaran gobe.

A keke napep, kan hanyar gida, na juya wa Baba ƙeya. Sai da muka kusa gida ya taɓo ni.

"Layin malamin a karkace yake. Ƙofa irin wannan ba ta rufuwa."

"To me ya sa kuka ba shi haƙuri, Baba?"

"Saboda bakinki na bayar, uwata. Layin kuwa, kada ki goge."

Washegari na kai wa malam littafina yadda yake. Sifiri ya ba ni, na karɓa, na zauna a layin gaba.