Ɗigo uku a bayan kambin sarauniya

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Harouna, kuma har yau duk wanda ya tashi yabonsa sai ya ce Allah ya ji ƙan ɗan kasuwa. To ku daina. Baba bai taɓa sayar da ko allura ba. Maƙeri ne, maƙerin fari ɗan Damagaram, kuma shekara ashirin ya yi a wani atiliye, wato ɗakin ƙira, a birnin Lyon na Faransa yana ɗaura lu'ulu'u a kan zinariya.

Ina ƙarama a Bron, gefen Lyon, yakan dawo yatsunsa duk ƙuna, ya ba ni labarin duwatsu. Ya ce manyan lu'ulu'un da ke kambin sarakunan Turai, da yawansu daga Indiya suka fito. Wani ya shiga rami ya haƙo, wani ya goge, wani ya ɗaura. In ka karanta tarihin dutsen kuwa, sarki kaza ya ba sarki kaza, shi ke nan. "Dutse yana tuna wanda ya sa shi a ka," in ji shi, "ba ya tuna hannu." Shi ya sa duk aikin da ya gama yakan buga ɗigo uku ƙanana a bayansa, yadda kakansa ke yi wa mundaye.

Watan jiya na je baje kolin kayan sarauta a Paris. Ga wani kambi na zumurrudu, an sa madubi a ƙarƙashinsa. Na duƙa. Ɗigo uku. Wata huɗu Baba ya yi yana gyaransa, na tuna, don a lokacin ne idonsa ya fara ciwo. Takardar gefe ta jero sarauniya biyu, da sunan mai atiliyen. Da yana raye, na san dariya zai yi ya ce ai na gaya miki.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ke ci na shi ne namu. Ranar sadakar bakwai a Montreuil, gefen Paris, inda ƙanensa Baba Issoufou ke zaune, shi ne ya miƙe gaban jama'a ya ce marigayi ɗan kasuwa ne. Mutumin da Baba ya kawo ƙasar nan, ya ci tuwon ƙira shekara uku a gidanmu! Na tare shi a bakin ƙofa, ya ce, "Ke Zeinabou, rufa mana asiri. Nan ba wanda ya san asalin wani. So kike a riƙa ce mana maƙera?" Ya kwashe awartaki da magagari da 'yar gudumar Baba ya zuba a kwali, ya tura ɗakin ƙasa kamar kayan sata.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da wane baki zan ce Bature ya share sunan ubana, alhali ɗan'uwansa ne ya fara share sana'arsa? Ni ma na yi shiru shekara shida, wai kunya. Ɗigo ukun nan sun fi mu duka riƙon amana.

Ranar Asabar na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na je Montreuil. Na gaishe da Baba Issoufou yadda ya kamata, na ce kwalin na zo ɗauka. Ya ce me mace za ta yi da guduma. Na sauka ɗakin ƙasa na ɗauko kwalin. Litinin zan shiga jirgin Lyon in rubuta sunana a makarantar koyon ɗaura duwatsu. Inda aka ce sana'ar uba, zan rubuta maƙeri, da manyan baƙaƙe.