Ƙafafun da Na Wanke a Illela

Jama'a, Allah shi ne shaidata, abin nan ni ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba.

Zamanin da Turawa ba su daɗe da kafa duwatsun iyaka ba ne, ina gama makarantar mishan aka haɗa mu, matasa Kirista, da jagoranmu Malam Bulus, muka tafi Illela. Mun taho da zumuɗin wa'azi, sai Baturen mulki ya ce ƙasar Sarkin Musulmi ce, magani kawai za mu bayar, kada wanda ya buɗe baki. A lokacin mutane na ta gudowa daga aikin dole na Faransa, ƙafafu duk sun farfashe, sai aka ba ni kwarya da tsumma, wai aikina wanke ƙafa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kullum ina tambayar Ubangiji, wannan karatun da wannan doguwar tafiyar, duk don dauɗar ƙafa ne? Har addu'a ta fara fita raina, na ƙulla kayana a ɓoye zan bi fatake in koma gida.

Ranar da zan gudu, da tsakar rana, kowa ya shige inuwa, sai wata mata ta zo rumfata da zanen baƙi, ta zauna ta miƙo ƙafafu, ko sallama babu. Na kama ƙafar, wayyo, sanyi kamar gindin randa, ga rana tana ƙuna. Ƙafar hagu babu ƙaramin yatsa. Kuma ba yashin hanya ne a jikinta ba, wata ɗanyar ƙasa ce mai danshi, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba a shekarar. Na so in saki, hannuna ya ƙi, haka na wanke har tsakanin yatsu.

Ta duba ƙafafun da kyau, ta ce, "Sun fita, ɗiyata. Ke nike jira."

Na juya in zubar da ruwan, ina waiwayowa ba kowa, fili fetal har iyaka.

Na ruga gidan Inna Ige, tsohuwar da ta sauke mu, uwar wani falke ce, kullum tana tsokanata wai amaryar littafi. Ran nan ba ta yi tsokana ba. Ina ambaton yatsan sai ta ajiye mazarinta, ta ce jiya wata baƙuwa ta faɗi ta cika a bakin dutsen iyaka, ba wanda ya san sunanta, ita ma babu ƙaramin yatsa a ƙafarta ta hagu, ita da maƙwabciyarta suka yi mata wanka da ɗan abin da ke tulu, don rijiya ta ja baya.

"Ruwa sun ƙare muna kahin mu kai ga ƙahwahu," in ji ta. "Hakanan munka rufe ta, kwana ni yi ina roƙon gahwara."

Malam Bulus ya ce rana ce ta buge ni. Inna ta ce ita ba ta san mi ne ne ba, Allah dai shi ka aiko wanda zai cika aiki. Ni ma ban sani ba. Na dai kwance ƙullin kayana, na koma rumfa har muka gama, ban yi wa kowa wa'azi ba ko sau ɗaya.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, da na bi fataken nan tun da hantsi, ina matar nan za ta nufa da ƙafafun? Ku da ke ganin aikin da aka ba ku ya yi muku kaɗan, don Allah ku gama shi kafin ku tashi, ba ku san wa ke jira ba. Ni kam har yau, in aka miƙo mini ƙafa, sai na fara ƙirga yatsun.