Abokin jarumin da ke cikin akwatin kawu

Har yau in na ji warin tsohuwar takarda da ta sha damina, akwatin ƙarfen kawuna nake tunawa. Da shi ya dawo Madarunfa daga yaƙin Nasara, cike da littattafan zane na wani jarumi mai tashi sama, mai ɗaga jirgi da hannu ɗaya. Babu mai karanta Faransanci a gidanmu, har shi kawun. Hoton yake kallo, ya ƙaga labarin da bakinsa.

Bayan la'asar muke kewaye shi a gindin tsamiya. Ni dai jarumin bai taɓa shiga raina ba. Mutumin da ba ya jin yunwa, ba ya tuntuɓe, me za ka so a jikinsa?

Wata kaka, da kawu ya kai gyaɗa Maradi, ya dawo da sabon littafi. A ciki jarumin ya yi aboki, wani gajere mai riƙe masa jaka. Nan da nan muka manta da mai tashi sama. A bakin kawu, gajeren nan bahago ne, yana ɗingishi saboda kurkunu da ya taɓa yi, yana tsoron kwaɗi, kuma ba ya shan fura sai ya rufe ido. Mu yi ta dariya, kawu kuwa ko murmushi.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da aka ɗauki ɗanta soja tare da kawu, bai dawo ba. Ta hana a yi masa sadakar mutuwa, ta ce ba wanda ya ga gawa. Kowace damina takan wasa hauyarsa ta rataye. Kawu in ya hango ta sai ya sake hanya.

Ran nan ta zo wucewa da tulu, ta ji zancen rufe ido. Ta sauke tulun ta zauna a bayanmu har aka kai shafin ƙarshe. Sannan ta ce, "Bahagon nan naka ɗana ne, ina kunka bizne shi?"

Kawu ya rufe littafin. Ya ce, "Bakin wani kogi, Inna. Ni na yi mashi wanka, na fuskantar da shi gabas."

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Washegari aka daka gumba aka raba, ta sauko da hauyar ta ba yayana.

Gara ta cinye littattafan tuntuni. Jikokina yanzu a waya suke kallon jarumansu, kuma su ma na lura ƙaramin abokin suka fi so. Nakan ce su nuna mini shi. Ba na bin labarin, hannun da yake cin abinci da shi nake dubawa.