Gwiwar Mama da Hannun Likitar Gashi

Shekarar da gwiwar Mama ta hana ta zuwa gona, ina koyarwa a wata firamare a Minna, ina zaune a Tudun Fulani da mijina. Ita kuwa tana ƙauyenmu, can bayan Paiko, inda ta yi rayuwarta duka tana noman doya da gyaɗa. Gwiwar hagu ce. An shafa man zafi, an sha ƙwayoyin kemis, mai ɗori ma ya naɗe ta da tsumma ko da yake ba karaya ba ce. Da na ji har coci ta daina zuwa, sai na hau mota na ɗauko ta.

Ba ta so zuwa ba. A hanya ta ce mini da yarenmu, tsufa ne, kuma ba a kai tsufa asibiti.

Maƙwabciyata, wata Banufiya mai sayar da atamfa, ita ta ba ni labarin wata likitar gashin ƙashi da ta taɓa duba mata baya. Ta ce, "Ki kai ta. Matar nan da hannu take gani."

Muka je da safe a keke. Ɗakin babu wasu na'urori, gado ne dogo mai katifar roba, da kujeru, da madubi. Likitar ba ta wuce sa'ata ba. Ta rusuna ta gaida Mama, ta saurari bayanina har ƙarshe, sannan ta ce, "Mama, ki cire takalmi, ki taka zuwa bakin ƙofa ki dawo."

Mama ta kalle ni, ta taka tana ɗingishi. Aka ce ta sake. Sai ta tsaya, ta nuna ƙafarta, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Yarinya, gwiwa ne yana ciwo. Ga shi nan."

"Na gani, Mama. Zan zo kanta. Ina so in ga masu ba ta wahala tukuna."

Ta tsaya a bayanta, ta ɗora tafukan hannu a kafaɗunta, ta sauko da su kan ƙashin ƙugu. Ta kira ni in duba. Ban taɓa lura ba sai ranar: kafaɗar uwata ta dama ta fi ta hagu sauka, ƙugunta kuma ya karkace kaɗan. Likitar ta sa ta sunkuya a hankali, tana bin ƙashin bayanta da manyan yatsu, gaɓa bayan gaɓa, wani wuri ta wuce, wani wuri ta dakata. Daga nan ta kwantar da ita, ta lanƙwasa ƙafar dama ta juya ta ciki da waje, ta tafi sumul. Ta kama ta hagu, ƙafar ta cije a rabin hanya. Da ta danna wani wuri a gefen ƙugu, Mama ta ja numfashi ta riƙe bakin gado.

"Nan ma yana ciwo?"

"Ban san yana ciwo ba sai yanzu," in ji Mama.

Sai a lokacin likitar ta taɓa gwiwar, ta matsa gefe da gefe, ta motsa ƙoƙon. Ta zauna ta tambaya, "Mama, da wace kafaɗa kike ɗaukar kaya?"

Mu a wajenmu mata ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa ake ɗauka. Mama ta dafa ta dama. Likitar ta tambaye ta nisan gona, da irin hanyar, da ko ƙwarya take ɗauka ko buhu. Mama da ta shigo fuska a ɗaure sai ga ta tana ba da labarin gangaren da ke kusa da rafi, da yadda take dogara da ƙafar hagu in ta zo sauka da doya. Ni da na girma a gidan ban taɓa tambayarta haka ba.

Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce gwiwar ta ɗan ci, wannan kam shekaru ne, ba za ta koma ta budurwa ba. Amma ƙugun da ya sandare shi ke tura mata nauyin da ba nata ba, kuma wannan ana iya sassauta shi. Ta ce a yi hoto don a tabbatar, ta koya mana motsa jiki, ta ce a rage kaya, a riƙa sauya kafaɗa.

Mama ta yi dariya, karo na farko tun zuwanta. "Kafaɗan hagu bai iya aiki ba."

"Za ta koya, Mama."

Mama ta zauna da mu har damina ta yi nisa. Kullum kafin in tafi makaranta sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in riƙe mata ƙafa tana ɗagawa, tana mita. Wasu ranakun ciwon ya dawo, ta ƙi tashi, ta ce mun ɓata wa kanmu lokaci. Muka ci gaba da komawa wurin gashi. Wata Lahadi na fito wanka na tarar ta ɗaura ɗankwali, ta ce in yi sauri kada mu makara zuwa coci, kuma ba za ta hau keke ba.

Ta koma gida gab da haƙar doya. Da na kai mata ziyara ban same ta a ɗaki ba, matar yayana ta ce tana gonar gyaɗa ta bayan gida. Na hango ta da sanda, tana tafe a hankali tsakanin kunyoyi, tana yi wa masu cira faɗa sun bar rabi a ƙasa. Ta ɗago ta gan ni, ta ce in cire takalmin makarantar nan in zo in kama aiki.