Ƙaramin da Ya Fi Kowa Tsawo

In ka shigo Roni ta hanyar Kazaure, kafin ka kai wurin da 'yan acaɓa ke tsayawa, akwai wata rumfar walda da rufinta ya fi na maƙwabta tudu. Mai ita ne ya ɗaga shi, don ya gaji da buga kai. Sunansa Muhammad Sani Roni, kowa na ce masa Sani Ƙarami, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shi tsawo ba. A bana aka karrama gwanin ƙwallon kwandon da yankinmu ya taɓa fitarwa. Shi ne gwanin, amma ba shi aka karrama ba. Ni Halliru da hannuna na rubuta abin da ya jawo haka, kuma har yau raina a ɓace yake.

A makarantar kwana ta Kazaure muka haɗu. A lokacin in yaro ya zo, sunan garinsu ake liƙa masa a rajista. Sai ga yara biyu daga Roni, kowanne Muhammad Sani. Wanda ya girmi ɗaya da shekara biyu muka kira shi Babba, ɗayan kuma Ƙarami. Daga nan Allah ya yi ikonsa: Babba ya tsaya gajere dunƙulalle, Ƙarami ya yi ta miƙewa kamar dawa a damina mai albarka. Suna bai canza ba, don mu shekaru muke dubawa, ba tsawo ba.

Ni ban iya gudu ba, sai aka ba ni littafin rubuta maki. Da wata ƙungiya a Kano ta ɗauki Ƙarami wasan albashi, ya kafe sai an haɗa da ɗan garinsu. Aka ɗauki Babba don a samu Ƙarami. Ni ma karatu ya kai ni Kano, na ci gaba da riƙe musu littafi. Shekara tara Ƙarami yana cikin fili, Babba yana ɗumama benci.

Ba zan yi masa ado ba. In aka yi masa keta aka ba shi jifa daga layi, gara ka kau da kai. Yana da zuciya, sau biyu ana korarsa daga fili. Kofi kuwa bai taɓa ɗauka ba, sau biyu suna zuwa wasan ƙarshe ana doke su. Amma duk ƙwallon da ta bugi zoben kwando ta dawo, tasa ce. Na ga ranar da ya ci maki arba'in da ɗaya da yatsa a ɗaure da tsumma. Ya ƙara shekara biyu a Damagaram ana biyansa da sefa, gwiwa ta gaza, ya dawo gida ya koyi walda. Zobban kwandon da ke makarantu a Gwiwa da Babura, yawancinsu shi ya lanƙwasa su, bai karɓi ko sisi ba. In wannan bai cancanta ba, a nuna min wanda ya cancanta.

Da wasu matasa suka kafa kwamiti don sa wa sabon filin wasa na Kazaure sunan gwani, shugabansu Musaddiƙ ya zo ya ari littafina da wani tsohon hoto. Har rakiya na yi masa don murna. A kowane shafi sun ga Ƙarami, Ƙarami, Ƙarami. A hoton kuma ga Sani biyu, ɗaya zanƙalele, ɗaya bai wuce hammatarsa ba. Yaran nan suka duba da ido, suka ce ai ga ƙaramin nan. Dama Babba yanzu Alhaji ne, ɗan kwangila, ba wanda bai san ƙofar gidansa a Kazaure ba.

Kuskuren yara ban riƙe shi ba. Abin da ya ci min rai shi ne kalma ɗaya tak Alhaji zai faɗa magana ta mutu. Amma da suka je masa da maganar, sai ya gyara zama ya ce musu, "Allah sarki, ashe ana tunawa da mu."

Na je wurin Musaddiƙ. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi haƙuri, an riga an raba katin gayyata." Na wuce gidan Alhaji ko ruwa ban sha ba.

"Haba Halliru," in ji shi. "Ba sunana ba ne? Ko ban sa rigar ƙungiyar ba? Ka bar tone-tone, mun girma."

Na ce, "Babba, wa ya sa aka ɗauke ka?" Ya ɗauki waya ya kara a kunne, alhali ban ji ta yi ƙara ba.

Bai tsaya nan ba. Wai don ya taimaka wa ɗan garinsu, sai ya aika wa Ƙarami aikin allon ƙarfen da za a kafa a ƙofar filin. Shatu, matar Ƙarami, ta ce wallahi in ya taɓa aikin nan ta daina yi masa magana. Ya ce shi bai taɓa mayar da aiki ba.

Na same shi a rumfa ya gama haruffan MUHAMMAD SANI RONI, ya shafe su da fenti, ya jingine allon inda zai riƙa ganinsa. Haruffa shida na ALHAJI suna zube a ƙasa. Shi Ƙarami bai taɓa zuwa Makka ba.

"Ba ka liƙa waɗannan ba?" na tambaye shi.

"Sai Alhamis," ya ce. "Kafin nan nawa ne."

Ranar Alhamis ya liƙa su, tsaf, ba karkata. Ranar Asabar da hantsi aka yi taro, aka yi ta karanto maki daga littafina ana tafi, Alhaji na ɗaga hannu. Da aka zo rataya allon sai aka ga an manta da tsani. Ƙarami ya ɗaga shi ya maƙala yana tsaye a ƙasa.

Wani babban baƙo ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Kai! Malam, da wannan tsawon ai da ƙwallon kwando ka yi."

Ƙarami ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi takalminsa.

"Ni ƙarami ne, ranka ya daɗe," in ji shi.

Jama'a suka fashe da dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Ya tattara kayan aikinsa ya tafi neman motar Roni.