Abarbar da Aka Yanke Ɗanya

A bakin mahaifiyarta Auta ta fara jin sunan Gwaggo Tela, kuma ba cikin daɗin rai ba. Mama tana share ɗakin ajiya tana mita, wai yayar maigida za ta dawo gidan da zama, kamar wuri ya yi musu yawa. Auta ta zaci wata masifaffiya za a kawo. Sai ga siririyar tsohuwa tana hawa bene tana lalubar bango, tef ɗin awo rataye a wuyanta, ko da yake ta daina ganin lambobinsa.

Ɗinki Gwaggo ta yi duk rayuwarta. Babu wanda ya tashi a zuriyar nan bai sa rigar makaranta daga kekenta ba, har shi Baba, ƙaninta, da ta riƙe tun yana yawo da majina. Bayan rasuwar mijinta yanar ido ta rufe mata gani, zare ya daina shiga allura, shago ya mutu. A gidan ƙaninta aka tura keken bayan ƙofa, aka ɗora masa kwandon wanki, ba wanda ya tambaye ta.

Wata rana Gwaggo tana zubar da shara wani abu ya soke ta a yatsa, ashe kan abarba ne da aka yar. Ta fizge ganyen ƙasa, ta bar shi a inuwa har gindin ya bushe, don ta ce abin da aka dasa da ɗanyen ciwo ruɓewa yake yi. Ta sa Auta ta huda tsohon bokiti, suka cika shi da ƙasa mai yashi, suka kai baranda inda rana take faɗawa. Da yatsa take gane ƙishin ƙasar, ta tsiyaya ruwa kaɗan a tsakiyar ganyen da ƙaramin kofi. Hannuwanta duk suka yi zane saboda ƙaya.

Yaya, babban wan Auta, ya sa wa shukar suna ɗiyar Gwaggo, kullum sai ya tambaya ko an kai ta makaranta. Ita kuma ta ce ko ba komai ɗiyarta ba ta cinye tukunya ta bar wa mutane wanke-wanke.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, sannan wani ɗan dunƙule ya leƙo daga tsakiyar ganyen. Auta ce take faɗa mata launinsa, ita kuma tana shafawa. Ana cikin haka likita ya sa ranar aikin ido. Gwaggo ta faɗa a gaban kowa, ba a ɓoye ba, cewa abu ɗaya take so ta gani idan ido ya buɗe: abarbarta tana yin rawaya daga gindi zuwa sama, tana kan uwarta.

Suna asibiti, Auta tana jinyar Gwaggo, Yaya ya sa wuƙa ya yanke abarbar koriya shar. Wai ya ga kashin ɓera a baranda. Ya cusa ta a buhu tare da ayaba, ya kulle a kabad don ta nuna kafin su dawo. Abarba kuwa ba ayaba ba ce. Ranar da aka raba ta da uwarta, ranar zaƙinta yake tsayawa. Da ya tambayi mai ita, da ya ji.

Ranar sallama Gwaggo ta hau benen nan ba ta taɓa bango ba, ta wuce kai tsaye baranda. Kututture ta tarar. Aka jawo buhun, abarbar ta yi laushi tana tsami, ƙananan ƙudaje suna tashi. Yaya ya ce shi fa taimako ya yi. Mama ta juya baya tana ɓoye dariya, kafaɗunta suna rawa. Baba ya ce a yi haƙuri, gobe zai taho mata da wadda ta fi wannan girma.

Gwaggo ta dube shi da sabon idonta, ta ce, "Ce maka na yi yunwa nake ji?"

Daga ranar ta koma cin abinci a ɗakinta. Shi ke nan aka samu abin faɗa. Har yau in dangi suka taru sai wani ya kwaikwayi muryarta, a kwashe da dariya, a ce tsohuwa ta yi gaba da gida guda kan abarba. Ba mai tuna rigunan, ba mai cewa Yaya bai taɓa ba ta haƙuri ba. Wannan ne yake ƙona wa Auta rai, har takan tashi ta bar musu ɗakin.

Uwar shukar ta bushe, amma ta bar 'ya'ya a gefe. Gwaggo ta ɓalle ɗaya ta dasa, sai dai ciwon ajali ya riga shi girma. Tana kwance ta sa Auta ta jawo bokitin bakin ƙofa.

"Ki tafi da shi duk inda za ki zauna," in ji ta. "In abarbar ta nuna, kar ki yi saurin ɗauko wuƙa. Ki samu kujera ki zauna, ki kalle ta da kyau tukuna."