Hannun da Ke Miƙo Wuta

A shekarar da Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ina Guangzhou, a wani ɗan ɗaki can saman bene a unguwar Sanyuanli, mu uku muna kwana a jere kamar buhunan gero. Takalma na je saro wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Bizata ta mutu a hannun wani dillali da ya karɓi fasfona zai sabunta, ya dawo mini da shi yana sosa ƙeya. Na je ofishin shige da fice da kaina, matar da ke bayan gilashi ta ce "meyo", wato babu, ta kira na bayana. A wannan shekarar an tsananta ƙwarai, ana tare baƙi a bakin tasha ana duba takardu. Wanda bizarsa ta mutu ba ya fita ƙasar sai ya miƙa kansa an tsare shi tukuna. A gida kuwa Kaka, mahaifiyar babana, tana kwance ƙafafunta sun kumbura. Ba abin da nake roƙon Allah a lokacin sai in same ta da rai.

Wata rana da la'asar talabijin ta nuno ana gudu da wutar wasannin a titunan garin, wannan ya miƙa wa wancan, jama'a na ta tafi. Mamman, abokin kwanana ɗan Maradi, ya yi tsaki ya ce, "Ka ga wuta ma an ba ta biza, mu ne dai." Na yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Murhun Kaka ne ya faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu da ke kusa da Jibiya, ashana ba abin banza ba ce a lokacin da muke yara. Idan wutar gida ta mutu, sai a ba yaro tsingaro a ce ya je maƙwabta ya ɗebo garwashi. Gidanmu aka fi zuwa, don wutar Kaka ba ta mutuwa. Ta san yadda take binne ta a toka ta kwana da rai. Idan aka sauke tuwo aka yi isha'i, sai mu kewaye murhun, ta tura gyaɗa ko dankali cikin toka, ta miƙe ƙafa. Ni take fara tsokana, don ni ne mijinta na wasa kamar yadda jika yake ga kakarsa. "Kai maigida, matso ka hura mini wuta, tunda ba ka iya kawo cefane ba." In hura har idona ya yi ja, ta ce iskar ma ta rowa ce. Daga nan sai Gizo da Ƙoƙi, sai kura da ta sha duka, mu yi ta dariya har Goggo Rabi, ƙanwar babana da ke zaune da ita, ta leƙo ta ce mun hana mutane sakat.

Dare ɗaya ne ya fita daban. Baffa Isa ya shigo da rediyonsa manne a kunne, ya ce yau an fasa katangar da ta raba Jamus biyu. Ya ce mutane sun hau kanta da guduma, wa da ƙane da aka raba tun suna samari sun rungume juna suna kuka. Mu yara ba mu san inda Jamus take ba, amma muka kama tsalle tunda babba na murna. Kaka kuwa tana zaune a bakin murhu. Ta juya dankalinta, sannan ta ce, "Shekara nawa ta yi a tsaye?"

"Ta kusa talatin, Inna."

"To waɗanda suka mutu kafin yau fa, su wa ya rungume su?"

Baffa ya rage muryar rediyon ya fice. Ita kuwa ta ce mu matso. Ko buɗewar da ta saba yi wa tatsuniya ba ta yi ba, ta shiga kai tsaye.

Ta ce an yi wani gari da 'ya'yan sarki biyu suka yi rigima kan gado, suka ja katanga ta tsakiyar garin. Katangar ba ta kauce wa kowa ba, ta bi ta tsakar gidan wasu mata biyu, ya da ƙanwa, Larai da Talatu. Larai ta tashi a gabas, Talatu a yamma. Aka sa dogarai, aka ce duk wanda ya yi magana da na ƙetare a bakin ransa. Sai dai magina sun bar rariya a gindin katangar don ruwa ya wuce, daidai shigar hannu.

Ran nan wutar Larai ta mutu, ga yara da yunwa, ga maƙwabtan da ta saba da su duk suna bayan katanga. Tana zaune da magariba sai ta ga tsingaro ya leƙo ta rariya, da garwashi ja a kai, da hannu mai awarwaron jan ƙarfe. Ta gane awarwaron, na uwarsu ne da Talatu ta gada. Ta karɓi wutar, ta mayar da tsingaron da ɗan gishiri a ciki. Shi ke nan abin ya zama musu magana. Kullum magariba hannu ya miƙo wuta, Larai ta mayar da gishiri ko daddawa. Ko ranar da wutarta ke ci sai ta karɓa, don ba wutar take jira ba, hannun take jira. Muddin ya leƙo, ta san ƙanwarta na nan.

Aka yi shekaru, 'ya'yan sarkin suka tsufa, aka daina yi wa katangar yaɓe. Wata damina ta jiƙa ta zube. Gari ya ɗauki guɗa, kowa na tsallake ƙasa yana kiran sunan nasa. Larai ta ja sandarta ta haura. Ta tarar da wata matashiya tsugune inda rariyar take, da tsingaro a hannu, da awarwaron jan ƙarfe.

Kaka ta sassauta murya a nan, ta yi maganar yarinyar, 'yar Talatu. "Inna ta daɗe da rasuwa. Ita ta sa mini awarwaron, ta ce kada in bari wuta ta yanke miki."

Larai ta ce, "Wace magariba ce tata ta ƙarshe?" Yarinyar ta yi tunani ta ce wallahi ba ta riƙe ba.

Kaka ta shiga tono dankali. Muka jira, ba ta ƙara ba. Na ce, "Kaka, sai me ya faru?"

"Sai me kuwa? Aka ci gaba da guɗa."

"Larai ta yi fushi?"

"Ta yi mana. Ta dai rasa wanda za ta yi wa." Ta ɓare dankali ta miƙo mini. "Ci ka je ka kwanta, maigida, tambayarka ta fi cefanenka yawa."

Sai da na girma Goggo Rabi ta gaya mini inda tatsuniyar ta fito. Kaka 'yar ƙasar Maradi ce, aure ya kawo ta wannan gefen. Lokacin da soja suka rufe iyaka, ƙanwarta Hajara ta rasu a can. Dangi suka ce kada a gaya mata tunda ba hanyar zuwa, suka ci gaba da aiko gaisuwa da sunan Hajara ta bakin masu bin barauniyar hanya. Da aka buɗe iyaka Kaka ta yi lalle, ta ɗaura sabon zane, ta ɗauki ƙullin daddawa ta tafi. Kabari aka nuna mata, ciyawa har ta rufe shi. Ta dawo ta ce sun sace mata makokinta, kuma duk wanda ya ƙara ɓoye mutuwa a gidanta ba ta yafe ba. Kowa a gidanmu ya san wannan magana.

Shi ya sa a Guangzhou hankalina yake kwance ta wannan gefen. Na san a ko'ina ana ɓoye wa matafiyi rasuwa har ya dawo, amma ban da gidanmu. Kowace Juma'a nakan saci jiki in sauka shagon waya da ke ƙasan benenmu in kira Goggo. Kaka ba ta taɓa yarda ta riƙe waya ba, ta ce ba ta magana da abin da ba shi da fuska. Tana daga kan tabarma take faɗa, Goggo ta maimaita mini. Da farko ina jiyo muryarta can nesa. Daga baya na daina ji, Goggo ta ce muryar ce ta yi ƙasa, amma bakin na nan yadda na san shi.

Kuma lallai yana nan. "Ta ce wane irin miji ne zai tafi sayen takalma ya bar matarsa tana taka ƙasa?" Wata Juma'ar kuma, "Ta ce ko shinkafar Sinawa ce ta riƙe ka, don ta san ka da ci." Na ce zan miƙa kaina a tsare ni in taho. Goggo ta ce, "Ta ce ka tsaya ka ga an loda kayan mutane tukuna, amana ce. Ta ce ba inda za ta."

Na tsaya. Kafin in baro gida Kaka ta sa an auna mini ƙafarta da zare, an ƙulla a inda dunduniya ta tsaya, kamar yadda ake yi wa mai tafiya birni. Zaren na cikin aljihuna kullum. Wata safiya na yi kasada na je kasuwar takalma ta Zhanxi, ina tafe ina waige. Na sami irin baƙin takalmin yadi mai taushi da tsofaffin Sinawa ke sawa, na shimfiɗa zaren a kai. Mai shagon ta yi ta dariya, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga yadda ake awo. Na ɗauki wanda ya ɗara zaren kaɗan saboda kumburi.

Aka yi wasannin aka gama, ina jin ihun murnar mutane ta taga. Kaya suka hau jirgin ruwa. Na je na miƙa kaina. Zaman da na yi a tsare ba na son tuna shi. Abin da na sani shi ne duk dare ina lissafin yadda zan durƙusa in sa mata takalmin da hannuna, ta ce ya yi mata yawa don ta ƙi gode mini.

Na isa ƙauye bayan an gama girbi. Tun daga zaure na ga ba daidai ba, don yaran gidan sun gaishe ni ba su kalli idona ba. Na shiga. Murhun Kaka na nan, an share shi tas, ba toka. Goggo Rabi ta fito daga ɗaki, ta ga ledar da ke hannuna, ta zauna a ƙasa.

"Yaushe?" na ce.

"Kafin ruwan farko."

Wato tun wajen ranar da muke kallon wuta a talabijin ni da Mamman. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ce, "Goggo, a gidan nan? Ke da kika gaya mini abin da aka yi mata? Ba ta ce ba ta yafe ba?"

"Ita ta sa ni, Sabi'u." Tana kuka tana magana. "Ta ce in ka ji, za ka fito titi kamar mahaukaci su kama ka, ga kayan mutane a wuyanka. Ta ce ta janye maganarta a kanka kai kaɗai. Kwana biyu ta yi tana faɗa mini abin da zan riƙa ce maka, ta ce in ba ka ɗaya-ɗaya kada su ƙare da wuri."

"Duk nata ne?"

"Na farkon nata ne. Da suka ƙare na riƙa yin nawa."

Na ce ta gaya mini wanne ne nata na ƙarshe, ko na shinkafa ne, ko na amana. Goggo ta share ido, ta yi tunani iya tunani, ta ce, "Wallahi sun cakuɗe mini."

Shekaru sun wuce yanzu. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan mugun sarki take, da katanga, da ranar da za ta faɗi kowa ya huta. Daga baya na ɗauka a kan zaluncin masu ɓoye mutuwa take. Yanzu ban san me zan ce ba. Matar da ta fi kowa sanin zafin abin ita ta zauna a kan tabarmar mutuwarta tana shirya mini irinsa, don ta duba ba ta ga wani abin da za ta iya miƙo mini ta wannan nisan ba. Na yi fushi, har yau ina yi, kuma na rasa wanda zan yi wa. Ban yi mata salla ba, ban ɗauki makararta ba, ban zauna karɓar gaisuwa ba. Ranar da ake binne ta wataƙila ina can ina dariyar maganar Mamman.

Duk lokacin da aka nuno tsohon hoton Jamusawa a kan katangarsu suna rungumar juna, ba na iya kallon waɗanda ke tsakiya. Gefe nake dubawa, ko zan ga wanda ya haura ya tsaya yana waige-waige.

Takalmin na ba Goggo Rabi. Ta ƙi karɓa, na ce ta sa, ai ita ta yi aikin. Ya yi mata yawa, ta cusa tsumma a gaba. Zaren kuma yana wurina, da ƙullinsa.